Yadda za ka hau ƙaramin jirgin Kalka zuwa Shimla, kada ka yi irin kuskurena

Kakana ya sha ba mu labarin wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke tashi daga Zariya ya haura Jos saboda kuza. An gama layin a 1914, aka rufe shi a 1957, tun ba a haife ni ba. Tsohon yakan ce idan jirgin ya kama hawa, kana iya sauka ka sayi rogo ka dawo ka tarar da taragonka. Mun ɗauka zuƙi ta malle ce irin ta tsofaffi. Sai da na je Indiya duba ɗan ƙanina da ke karatu a Chandigarh, ya ja ni tashar Kalka, na ga layin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daidai da na Zariyar da ya ɓace, sannan na nema wa kakana gafara a zuciya.

Layin ya tashi daga Kalka, a gindin duwatsun Himalaya, ya ƙare a Shimla, garin da Turawan Ingila suka mayar hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi tun 1864. An buɗe shi a 1903. Tsawonsa kilomita 96 ne kacal, amma jirgin yakan ci awa 5 zuwa 6, domin yana hawa ne daga tudu mai mita 656 zuwa sama da mita 2,000, ta cikin ramukan dutse 102, da gadoji fiye da 800, da kwana fiye da 900. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2008. Idan sauri kake yi, ka ɗauki tasi, cikin awa 3 ka isa. Wannan jirgi na wanda ya ware yini guda ne don kallo.

Fara da zaɓen lokaci. Watan Afrilu ko Oktoba zuwa Nuwamba sun fi min: sama garau, sanyi daidai misali. Mayu da Yuni mutanen Delhi ke gudun zafi su cika ko'ina, tikiti ya yi wuya. Yuli da Agusta damina ce, ƙasa na zaftarewa. A 2023 ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin kusa da tashar Summer Hill da ke dab da Shimla, dogon ya tsaya yana reto a iska, aka yi makonni babu jirgi. Ƙarshen Disamba da Janairu masu son dusar ƙanƙara ke zuwa, ni dai ɗan Zariya ne, hunturun gida ma ya ishe ni.

Sai jirgin da za ka hau. Akwai na asuba, Shivalik Deluxe Express, mai kujeru masu laushi da manyan tagogi, amma farkon tafiyarsa cikin duhu-duhu ne. Ni na zaɓi Himalayan Queen mai tashi wajen sha biyun rana, saboda an tsara shi ya jira masu zuwa daga Delhi da jirgin Shatabdi na safe, wanda ke isa Kalka kafin azahar. Ka sauko daga babban jirgi, ka taka zuwa ɗaya gefen tashar, ga ƙaramin nan kamar abin wasan yara. Ana sayen tikiti ta intanet a shafin IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jiragen ƙasa na Indiya. Rajistar na da ɗan wahala ga baƙo, don haka idan kana da ɗalibi ko ɗan'uwa mai lambar wayar Indiya, bar masa aikin, kuma a saya tun da sauran makonni. Lokutan tashi kan sauya, ka sake dubawa ana gobe tafiya. Fasfonka ya kasance a aljihu, mai duba tikiti zai tambaya.

Ga inda na yi kuskure. Yaron ya ce, “Baffa, ku zauna ta hannun dama, kwarin a can yake.” Na ce masa taga ai taga ce, na kame kujerar hagu don ta fi kusa da jakata. Awa guda cur ina kallon bangon dutse da ciyawa, har ina iya miƙa hannu in taɓa, alhali na dama sai ihu suke suna ɗaukar hoto. Layin na murɗawa, wani lokaci kwarin kan dawo hagu, amma mai hawa daga Kalka rabonsa ya fi yawa a dama. Da muka wuce Dharampur wata tsohuwa mai tafiya da jikokinta ta ga yadda nake miƙa wuya, ta janye ƙaramin ta ɗora a cinya, ta nuna min gurbin da hannu. Ba mu jin yaren juna. Na ba yaran dabinon da na zo da shi, muka zama 'yan gida ɗaya har Shimla.

Daga wannan tagar ne na ga abin da ya kawo ni. Jirgin ba ya wuce gudun kilomita 25 a awa, sau da yawa ma ƙasa da haka. A kwana mai tsanani kana hango kan jirgin yana shiga rami, kai kuwa taragonka bai gama ƙetare gada ba. Gadojin ma abin kallo ne: da dutse aka gina su, baka bisa baka kamar bakan gizon ɗakin soro, wata hawa uku, wata hawa huɗu, an cike kwazazzabo da su tun daga ƙasa. Kowane rami da lambarsa a rubuce a bakinsa, yara na ƙirgawa, da an shiga duhu sai su kwashe da ihu da fito. Ka lura da itatuwa kuma. A ƙasa kurmi ne irin na ƙasar zafi, kana hawa sai dogayen itatuwa masu ganye kamar allura su karɓe, iska ta canza ƙamshi, kunnenka ya ɗan toshe.

Rami na 33 shi ne mafi tsawo, mita 1,143, kuma da ka fito sai tashar Barog. Labarin da kowa ke bayarwa a wurin shi ne wani injiniyan Bature mai wannan suna ya sa aka huda dutsen ta ɓangare biyu, ramukan suka saɓa, hukuma ta ci shi tarar rupi ɗaya, kunya ta sa ya kashe kansa. Daga baya aka haƙa wani ramin da taimakon wani mutumin yankin, Bhalku, wanda sunansa ke kan gidan tarihin jirgin ƙasa na Shimla a yau. Jirgi kan tsaya a Barog kamar minti 10. Sauka ka miƙe ƙafa, ka sayi shayi mai citta da burodi da ƙwai, amma kada ka yi nisa, usur ɗaya za ka ji. Kan abinci, shawarata ka tsaya a kan wanda ba nama. Duk ƙunshin da ka ga koren ɗigo cikin murabba'i a jikinsa, babu nama ciki. Azahar da la'asar kuwa za su same ka a hanya, ni na yi ƙasaru na haɗa su a Kalka, da lokaci bai shiga ba da sai in jinkirta. Ka lissafa naka tun kafin ka shiga, tarago babu wurin shimfiɗa darduma.

Kada ka zo da ƙaton akwati, taragon matsattse ne. Jaka ɗaya, ruwan sha, da rigar sanyi a sama-sama inda hannu zai kai. A Kalka gumi nake cikin shadda, muna wuce Kandaghat na fara lalubar hula da safa. Ƙofofi kan kasance a buɗe, samari na zama a bakinsu suna lilo da ƙafa. Bangon ramukan nan kusa yake ƙwarai, kada ka biye musu.

Tashar Shimla a ƙasan gari take, garin kuwa a rataye yake a jikin dutse, kuma ba a barin mota ta hau babban titin Mall. 'Yan dako za su tare ka, da yawansu Musulmin Kashmir ne, masu ɗaure kaya a baya da igiya. Yi ciniki kafin ya ɗaga, ka bi shi a hankali, numfashi na yanke wa baƙo a wannan tudu. Nawa ɗan dakon da ya ji na yi sallama sai ya washe baki, shi ya nuna min matakalar da ke gangarawa masallacin da ke cikin kasuwa. Ya kuma nuna tabarauna, ya nuna biran da ke jere a kan rufin kwano, ya yi alamar in cusa shi a aljihu. Wannan karon ban yi gardama ba.