Darasi na Bakwai: Gyara Soyayyen Koren Wake Irin na Mutanen Sichuwan

A lardin Sichuwan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin akwai wani girki da ake kira gan biyan si ji dou, wato koren wake da aka soya har ruwan jikinsa ya ƙone, wanda ake ci da farar shinkafa. Da niƙaƙƙen naman alade aka fi yin sa a can, amma Musulmin ƙasar, irin su 'yan ƙabilar Hui, da naman sa ko na rago suke girkinsu, kuma hanyarsu za mu bi a wannan darasi. Sauyin ba ya rage wa girkin komai, domin naman ɗan kaɗan ne, giram 100 ya ishi rabin kilo na wake, kuma aikinsa ba da ɗanɗano ne kawai.

Kukan da masu gwada shi a gida suka fi yi shi ne waken yakan fito jagwab, ruwa kwance a ƙasan kasko, ko kuma bayansa ya ƙone alhali cikinsa ɗanye ne yana ƙara a haƙori. Duka biyun daga wajen ruwa da wuta suke tasowa. Idan aka wanke wake aka zuba shi a mai da danshinsa, ko aka cika kasko maƙil a lokaci guda, zafin mai yakan sauka, sai waken ya koma dahuwa da tururinsa maimakon ya soyu. Saboda haka bayan an wanke shi an cire bakinsa da jijiyarsa, a karya shi tsawon ɗan yatsa, a shimfiɗa a faranti, a goge da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai.

A ɗora kasko mai zurfi a wuta ya yi zafi kafin a zuba man gyaɗa cokali uku. A raba waken kashi biyu, a soya kowane kashi shi kaɗai na kimanin minti 7, kuma kada a riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa. A bar shi ya ɗan kwanta a jikin kasko tukuna. Alamar nuna a ido take: fatarsa za ta yamutse kamar yatsun wanda ya daɗe yana wanki, ɗigo-ɗigon ƙuna su fito a jikinsa, kuma idan aka ɗaga guda ɗaya zai lanƙwashe ba tare da ya karye ba. Wannan haƙuri ya shafi lafiya ma, domin ɗanyen koren wake yana ɗauke da wani sinadari mai suna lektin da ke jawo amai da gudawa, kuma cikakkiyar dahuwa ce take kashe shi.

A kwashe waken, a rage mai, a zuba naman a soya shi har ya warwatse ya yi ja-ja ba sauran ruwa. Daga nan a rage wuta a sa tafarnuwa da ɗanyar citta da busasshen barkono, waɗanda ba su buƙatar fiye da rabin minti, domin tafarnuwa in ta ƙone ɗacinta ba ya gyaruwa. Mutanen Sichuwan suna ƙara huwa jiyao, wani yaji mai sa harshe ya yi zir-zir, ɗan uwan fasaƙwari da muka sani, da kuma ya tsai, ganyen da ake jiƙa wa gishiri a ajiye, wanda birnin Yibin ya yi suna da shi. Wanda bai samu waɗannan ba girkinsa zai yi daɗi, sai dai ba zai kai na Chengdu, babban birnin lardin, kaifi ba. Giyar girki da suke ɗigawa kuwa a bar ta kawai.

A ƙarshe a mayar da waken, a ƙara wuta, a zuba ruwan soya sos (ruwan ɗanɗano da ake yi da waken suya) cokali ɗaya ta gefen kasko yadda zai tafasa kafin ya isa ga waken, a juya na minti ɗaya. A ɗanɗana kafin a taɓa gishiri, tunda soya sos da kansa gishiri ne. A sauke a ci nan take, kuma kada a rufe kwanon, domin tururi zai mayar da ruwan da aka sha wahalar korewa.