Yadda ake gane ƙariya da dasa ta a tsakar gida

Duk Bahaushe ya san "ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya", amma yara da yawa a Katsina ba su san akwai tsiron da ake kira ƙariya ba, mai cika da fure wadda da wuya a ga ɗanta. Masana tsirrai suna ce mata Adenium obesum, danginsu ɗaya da tumfafiya. Ina jin takaici in na ga ana kallonta kamar baƙuwa don an jera ta a tukwanen masu sayar da furanni, alhali 'yar ƙasa ce, ta saba da ranarmu da rairayinmu.

Fara da gane ta. Dubi gindinta: kumburarre ne kamar tulu, nan take ajiyar ruwa, rassanta masu kauri da taushi, tsayinta mita 1 zuwa 3 in ta girma. Ganyen yana taruwa a kan reshe, da sheƙi. Da rani takan zubar da shi, sai fure ya fito a tsirara, bakinsa biyar, ja-ja a gefe, yana yin fari zuwa ciki. Kada ka rikita ta da aguwar da ake shinge da ita a gonakin Daura. Ita ma tana tsayawa ba ganye, amma ba ta da wannan gindi, furenta kuma ƙanƙane ne, ba ya ɗaukar ido.

In ka samu, kada ka tono ta daga daji. Roƙi reshe wurin mai ita, kamar taƙi ɗaya, a yanka da wuƙa mai kaifi. Ruwan da ke fita guba ne, da shi ake dafin kibiya a wasu sassan Afirka, saboda haka sa leda a hannu, ka kiyaye ido, ka wanke wuƙar. Shafa toka a bakin yankan, ka ajiye a inuwa kwana 5 zuwa 7 har ya bushe. Wanda ya dasa shi ɗanye, ruɓewa zai yi.

Sai tukunya. Ta ƙasa ta fi ta roba, kuma lallai a huda gindinta. Zuba tsingaro ko tsakuwa a ƙasa, sannan yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan tsohon taki da dakakken gawayi. Kafa reshen kamar tsawon ɗan yatsa, ka bar shi 'yan kwanaki kafin ka ba shi ruwan farko. Bazara ce lokacin da ya fi kamawa. In ya yi toho, mai da shi inda rana ke duka sosai, nesa da awaki da ƙananan yara.

Ruwa shi ne abin da nake so a ji da kyau, don shi ya kashe mini ta farko. Na bar ta ƙarƙashin indararo a watan Agusta, marka ta yi kwana da kwanaki, da na taɓa gindin sai yatsana ya shige kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Tun daga nan ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau. Da zafi sau ɗaya a mako ya isa, da hunturu ma ƙasa da haka. Kada zubar ganye ta tsorata ka, hutawa take.

Wata rana kuma za ka iya ganin kwanso biyu sun fito kamar ƙahon sa, don takan yi 'ya'ya jefi-jefi. Ɗaure su da zare kafin su fashe, in ba haka ba iska ta kwashe irin, mai gashi a kai da gindi. Cire gashin, kwantar da irin a jiƙaƙƙen yashi, rufe sama-sama. Cikin mako ɗaya ko biyu zai tsiro, kuma wadda ta fito daga iri ita ce ke yin gindin tulun nan sosai, fiye da ta reshe.