Kurakuran da aka fi yi wajen canza fanbel a gida

Doguwar fanbel ɗin nan mai laulayewa a gaban injin ita kaɗai ke juya altaneta da kwamfuresan AC da famfon sitiyari, a motoci da yawa har da famfon ruwa. Canza ta aiki ne da mai mota zai iya da hannunsa, amma gaggawa tana ɓata shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya zare tsohon bel bai ɗauki hoton yadda yake zagaye ba. Kana kallonsa za ka rantse ka haddace hanyar, da ya fita sai fuli, wato 'yan ƙafafun nan da bel ke hawa, shida ko bakwai su rikice maka. Wasu motocin suna da zanen hanyar a manne ƙarƙashin bonet. In babu, ɗauki hoto da waya ta kusurwa biyu, ko ka zana a takarda. Idan ka riga ka cire, ka tuna cewa gefen bel mai tsaga-tsaga yana hawa fuli mai tsaga, bayansa mai santsi kuma yana bin fuli mai santsi. Kada ka raina wannan: bel da aka bi da shi ta gurguwar hanya yana iya juya famfon ruwa baibai, injin ya ɗau zafi.

Sai sayen bel da ido. Duba lambar da ke bayansa. In an rubuta 6PK1750, ma'anarsa layi 6, tsawo milimita 1750. Injin iri ɗaya mai AC da marar AC sukan bambanta a tsawo.

Da yawa kuma suna sa sabon bel su manta da abin da ya kashe tsohon. Tunda bel yana ƙasa, juya kowace fuli marar aiki, wato wadda ba ta juya wata na'ura sai tallafar bel, da hannu. In ka ji gurji-gurji, ko tana girgiza, boris ɗinta ya tafi. Haka tenshina, wato hannun nan mai sifirin da ke ɗaure bel: ya kamata ya motsa sumul ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya saki zai sa sabon bel kuka cikin 'yan kwanaki. Leƙa ka ga ko baƙin mai ko ruwan lagireto na ɗiga a wurin, domin mai yana kumbura roba ya lalata ta. Toshe yoyon tukuna.

Wajen sassauta tenshina, doguwar sifana ake sawa a juya hannun. Ba a kwance ƙusar da ta riƙe shi a jikin injin, kuma ba a ɓamɓarar bel da sukundireba. Bari fuli mai santsi ta zama ta ƙarshe, ta fi sauƙin zurawa. Saki tenshina a hankali, yatsunka nesa da tsakanin bel da fuli, sifirin nan ba ya son wasa. Kafin duk wannan, injin ya huce, makulli na aljihunka, wayar nagatif ta batir a cire, don fankar lantarki tana iya tashi ko mota a kashe.

Kafin ka tayar, haska tocila ka bi kowace fuli, musamman ta can ƙasa. Bel da ya hau gefe da layi ɗaya kacal yana tsattsagewa cikin ɗan lokaci. In ya zauna daidai, mayar da wayar batir, tayar da injin na minti ɗaya, kashe, ka sake dubawa.

Idan har yanzu yana kuka, kada ka fesa masa mai ko ka goga sabulu. Yayyafa ruwa kaɗan a gefen tsagar yana juyawa, kana nesa da shi. In kukan ya ɗauke na ɗan lokaci, wata fuli ce ta kauce layi. In kukan ya ƙaru, ɗaurin ne bai kai ba, sai ka koma kan tenshina.