Mai NCE ko difiloma: yadda ake shiga jami'a daga aji biyu

Malamin firamare a ƙauyen Gumel ko Ɗanbatta zai iya shekara goma da alli a hannu, amma ranar da ya nemi gurbin digiri jami'a ba za ta lissafa masa waɗannan shekarun ba. Takarda take dubawa: wace makaranta ta ba ka, da wane sakamako ka fita, kuma ko makarantar za ta tabbatar da kai ɗalibinta ne. Wanda ya gane wannan tun farko ya huta da asarar kuɗin fom.

Hanyar da aka fi bi ita ce DE, wato shiga kai tsaye ta hannun JAMB. Mai NCE, wato takardar shaidar malanta, ko ND, wato ƙaramar difiloma, ko wanda ya yi shirin share fagen shiga jami'a, kamar IJMB da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa, ko JUPEB, yana farawa daga aji biyu. Mai HND, wato babbar difiloma, wasu jami'o'in kan kai shi aji uku a wasu kwasa-kwasan. A digirin shekara huɗu, ɗan aji ɗaya sai ya ci aƙalla yunit 120, wato ma'aunin nauyin darussa, kafin a yaye shi, ɗan DE kuwa 90 a shekara uku. Sai dai a sani, makin da ka ci a kwaleji ƙofa kawai ya buɗe maka. Ba ya shiga lissafin darajar digirinka. Daga aji biyu ake fara ƙirga maka sabo. Kuma akwai darussan bai-ɗaya, irin su Turanci, da za a ɗora maka a kan na ajinku, shi ya sa zangon farko yake yi wa 'yan DE nauyi.

Kafin ka taka zuwa wurin rijista, zauna ka baje takardunka a kan tabarma. Fara da sakamakon sakandare: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. NCE ba ta goge wannan sharaɗi. Mutane da yawa sun shiga kwaleji da giɓi a Turanci, sun gama lafiya, sai a bakin jami'a giɓin ya tare su. In haka ne, sake zana WAEC ko NECO tukuna.

Sai suna, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A takardar firamare Muhammadu Garba, a ta sakandare Mohammed Garba Ringim, a katin ɗan ƙasa Muh'd Garba, ranar haihuwa kuma kowace da tata, don an yi ta ne da ƙiyasi. JAMB daga lambar NIN ta katin ɗan ƙasa take ɗauko bayananka, kuma abin da ta ɗauko shi zai bi ka har takardar digiri da bautar ƙasa. A gyara a ofishin katin ɗan ƙasa, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, kafin a tura NIN zuwa 55019 don samun lambar buɗe rijista. Layin wayar da za ka tura da shi ya zama naka na kanka. Kada ka ari na ɗan'uwa ko na mai shagon intanet, domin ta nan saƙonni za su riƙa zuwa, in layin ya ɓace kuwa wahala ce babba.

Duba kuma ko abin da ka karanta ya dace da kwas ɗin da kake nema. Mai NCE a Hausa da Addinin Musulunci ba zai tsallaka zuwa kimiyyar kwamfuta ta DE ba. A ND, maki 3.00 zuwa 3.49 shi ne babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙarami, kuma kwasa-kwasan da ake rububi sukan tsaya a babban. Kowace jami'a da nata ƙa'idar: ta Bayero daban, ta Tarayya da ke Dutse daban, haka ta Sule Lamido a Kafin Hausa da ta Aliko Ɗangote a Wudil. Karanta kundin JAMB na shekarar, kada ka dogara da abin da aka yi wa wani bara. Difilomar da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ba ta san da ita ba kuwa, tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai kafin ka kashe ko kwabo.

Cikakken sakamakonka na kowane zango, wanda ake kira tiranskirif, makaranta ce ke aika wa makaranta. Wanda ka ɗauko a aljihu ba a cika karɓa ba. Nemi shi da wuri, ka adana rasit, ka koma ka tabbatar an aika. In tsohon gurbinka na kwaleji bai bi ta JAMB ba, sai an daidaita shi, in ba haka ba rijistar DE za ta cije.

Sauya jami'a bayan an fara karatu wani abu ne daban. Galibi sai ka kammala aji ɗaya da maki mai kyau, babu laifin kora a kanka, jami'arka ta ba ka takardar saki, wadda za ka koma ta sayar maka da fom. Sashen da kake nema zai gwada darussan da ka yi da nasu; wanda bai yi daidai ba ka sake shi, wani lokaci har a mayar da kai aji ɗaya baya. Kada ka daina zuwa aji a tsohuwar makarantar sai takardar amincewa ta sabuwar ta shigo hannunka. Bayan haka a gyara bayananka a JAMB su nuna sabuwar jami'ar, don da wannan jerin sunaye ake tantance masu tafiya bautar ƙasa.