Kurakuran da malamin Turanci ke yi idan darasi ya taɓo tarihin Poland

Duk wanda ya koyar da Turanci ga ɗaliban Poland ya san cewa da watan Nuwamba ya kama, hira a aji kan karkata zuwa tarihin ƙasarsu, domin ranar 11 ga wata suke bikin 'yanci. A nan malami baƙo ke yawan tuntuɓe, kuma galibi kalma ɗaya ce ke kayar da shi.

Ni ma ta kayar da ni. Na taɓa rubuta a allo cewa a 1918 aka kafa Poland. Wata ɗaliba ta ajiye bironta ta ce, "Malam, to Marie Curie 'yar wace ƙasa ce?" Gaskiyarta. A Warsaw aka haifi Curie a 1867, lokacin birnin na hannun Rasha, kuma da ta gano wani sabon sinadari a 1898 sai ta raɗa masa suna polonium don tunawa da ƙasar da babu ita a taswira. Tarihin daular yana komawa har 966, shekarar da sarki Mieszko na ɗaya ya karɓi Kiristanci. Rasha da Prussia da Ostiriya ne suka yayyanka ta a 1772 da 1793 da 1795, ta ɓace shekara 123, amma harshe da coci da iyali suka riƙe al'ummar. Gyaran shi ne a ce "regained independence", wato ta maido da 'yancinta, kar a tsaya kan "gained". A kuma koya musu bambancin "nation" (al'umma) da "state" (daula), don a harshensu ma kalmomi biyu ne, naród da państwo, kuma bambancin yana taɓa zuciyarsu.

Kuskuren da ya fi wannan zafi shi ne furta "Polish death camps", wato sansanonin kisa na Poland. 'Yan Nazi na Jamus ne suka gina sansanonin Auschwitz da Treblinka da Majdanek bayan sun mamaye ƙasar a 1939. Barack Obama ya yi wannan suɓutar baki a 2012, har sai da ya aika wa shugaban Poland wasiƙar nadama. Ƙasar da ta rasa mutum kusan miliyan 6 a yaƙin, wajen rabinsu Yahudawa, ba za ta ɗauki wannan a matsayin ƙaramin kuskuren nahawu ba. A ce "German Nazi camps in occupied Poland", ko da jimlar ta yi tsawo.

Akwai kuma masu haɗa boren Warsaw biyu su mai da su ɗaya. Na 1943 Yahudawan da aka killace ne suka yi shi. Na 1944 ya fara ranar 1 ga Agusta, dakarun ɓoye na ƙasar suka yi kwana 63 suna faɗa. Haka nan kar a kira Poland tsohon yankin Tarayyar Sobiyet. Ta zauna ƙarƙashin inuwar Mosko har 1989, amma ba ta taɓa zama jamhuriya a cikin tarayyar ba.

Wasu malaman kan nuna kamar kowa a Poland Katolika ne tun fil'azal. Kafin yaƙin duniya na biyu akwai Yahudawa sama da miliyan 3. Akwai kuma Musulmi 'yan ƙabilar Tatar da suka yi ɗaruruwan shekaru a can, masallatansu na katako suna nan tsaye a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Wannan darasi ne mai daɗi ga malami Bahaushe, balle idan ya ƙara da cewa ana koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw.

Sai wanda na fi gani: malami ya mai da darasin Turanci lacca, shi kaɗai ke magana. Su fa sun fi ka sanin tarihinsu. Ka bari su koya maka cewa sunan Wałęsa, tsohon shugaban ƙasarsu, kusan "Vawensa" ake faɗarsa. Ka tambayi kowa daga ina kakanninsa suka fito, domin bayan 1945 an matsar da iyakar ƙasar yamma, iyalai da dama suka bar Lwów, da yanzu ke cikin Ukraine, suka koma Wrocław, da a da ke hannun Jamus. Harshensu ba shi da "a" da "the", don haka za su yi ta tsallake su. Idan ɗalibi na ba da labarin yadda kakarsa ta hau jirgin ƙasa da ƙunshin kaya ɗaya, kar ka katse shi. Ka rubuta gyaran a takardarka, ka ba shi idan ya gama.