Kafin ka ɗora wa furosesa laifi: duba tsohon gem na kaset

Tsofaffin na'urorin gem da ake kawowa teburin masu gyara a Katsina, kusan duk zuri'ar furosesa biyu ne, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin na'urar. Akwai 6502 na kamfanin MOS, na 1975, wanda jikansa Ricoh 2A03 ke cikin Famicom da NES. Akwai kuma Z80 na Zilog, na 1976, a cikin Sega Master System da ZX Spectrum. A Mega Drive kuwa sauti kawai Z80 yake kula da shi, babban aikin na Motorola 68000 ne. Waɗannan furosesa ayisi (IC, ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa) ne masu ƙarko, da wuya su mutu haka kawai.

Fara da adafta. Ta NES ɗin Amurka AC take bayarwa, volt 9, ita kuwa Famicom DC take so, tsakiyar filoginta negatif. Sa adaftar NES a Famicom na iya ƙona ta.

Sai ka buɗe na'urar, ka sa mitar auna volt a ƙafar fita ta regileta 7805, mai daidaita ƙarfin wuta. Volt 5 ake nema. Idan ta kai 5.5, kashe wuta tukuna, domin wutar da ta wuce kima na iya lalata ayisi. Daga nan bi wutar har jikin furosesa, kana ƙirga ƙafafu daga ɗigon da ke kusa da tsagar kai, saɓanin tafiyar agogo. A Z80, ƙafa ta 11 wuta ce, 29 ƙasa (negatif). A 2A03 kuwa 40 da 20.

Wuta ta isa amma allo baƙi? Auna risat, ƙafar da ke sa furosesa ya fara aiki daga farko: ƙafa ta 26 a Z80, ta 3 a 2A03. Ya kamata ta tashi zuwa volt 5 jim kaɗan bayan kunnawa. In ta kwanta a sifili, mai yiwuwa ƙaramar kafasita ce ta lalace. Ƙafa ta 6 a Z80 ita ce bugun agogo, wato bugun lantarkin da kiristal ke bayarwa don furosesa ya bi. Mita za ta nuna wajen volt 2, sifili ko 5 cif na nufin kiristal ya tsaya.

Ƙurar hunturu ma na toshe bakin kaset. Sifirit da buroshin haƙori sun isa, ban da hurawa da baki, damshi tsatsa yake jawowa. A wannan lokacin kuma taɓa ƙarfe kafin ka taɓa bod, faifan da ayisi ke kai, saboda wutar da jiki ke tarawa.

In ka buɗe ka tarar da baƙin dunƙule kamar ɗigon kwalta maimakon ayisi mai ƙafa 40, na'urar kwaikwayo ce, ba ta asali ba. Wannan ba ya ciruwa, sai dai a sauya bod ɗin gaba ɗaya.