Kafin ku saya wa yaro maganin barci, ku gwada wannan

Iyaye 'yan uwana na Gombe, ga shawara kyauta: idan ɗanku ɗan shekara 10 zuwa 13 ya fara ƙin barci da dare, ku karɓe waya awa ɗaya kafin kwanciya, ku rage hasken ɗaki. Da safe kuma ya fita tsakar gida rana ta taɓa shi.

Ga dalili. Ƙwaƙwalwa da kanta take fitar da sinadarin melatonin idan duhu ya yi, shi ke jawo barci. Haske na danne shi. Yaro na kusantar balaga, sinadarin yakan jinkirta fitowa, har awa 1 zuwa 2. Don haka ba iskanci ba ne, ku daina duka. Ƙara masa hasken waya kuwa, sai sha biyun dare ido biyu.

Shayi da Coke bayan la'asar, a bari. Lokacin tashi ya zama ɗaya, har ranar Asabar. 'Yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Ƙwayar melatonin ta kemis fa? Kar ku ba shi sai likita ya ce. A Ingila ma sai da takardar likita ake samunta, kuma wasu da ake sayarwa abin da ke ciki bai yi daidai da rubutun kwalba ba.

Dabarar ba ta aiki idan zafin Afrilu ne ko sauro ke hana shi. Mai minshari sosai, ko numfashinsa na yankewa cikin barci, ko damuwa ta dame shi, ku kai shi asibiti.